Bayani A Kan Gara Da Ruɓewar Itace A Dazuzzukan Yammacin Zamfara

Ga bayani a kan wata 'yar halitta wadda kowa ya san ɓarnarta, amma kaɗan ne suka san aikinta, watau gara.

A ƙasar Anka, cikin yammacin Jihar Zamfara, akwai wani ƙauye ana ce da shi Tungar Daji. Sunan nan nasa ya isa bayani, gama tunga ita ce 'yar mazauna da mutane kan kafa nesa da babban gari domin noma ko kiwo ko farauta. Mutanen irin wannan wuri, da na sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi, rabin dukiyarsu itace ne. Da shi ake dirkar rumfa da gwafar ɗaki, da shi ake shimfiɗar rumbu, da shi ake turmi da taɓarya da ƙotar fartanya, da shi ake allon da yaro ke ɗauka zuwa makaranta. Wanda dukiyarsa itace ce kuwa, lalle yana da abokin rabo a ƙarƙashin ƙafarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa in Bahaushe zai yabi haja wadda ba ta lalacewa a ajiye, sai ya ce ba gara ba zago.

Abin da za a bayyana a nan shi ne, gara ba ta rarrabe reshen da ya faɗi a daji da azarar da ke ɗauke da soro. A wurinta duka mataccen itace ne, aikinta kuwa mai da mataccen itace ƙasa. Wanda ya gane sharuɗɗan wannan aiki, shi ke iya tsare gidansa ba tare da ya kashe dajinsa ko ya zuba wa 'ya'yansa guba ba.

Fasali na farko: ko mece ce gara

Malamai sun san an ambaci wannan halitta a Suratu Saba'i, aya ta 14, cikin ƙissar sandar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, inda masu tafsiri suka ce gara ce ta ci sandar har ta karye, sa'an nan aka gane ya riga ya rasu. Haka kuma masu littattafan sira sun ruwaito cewa takardar ƙaurace wa Banu Hashim, wadda Ƙuraishawa suka rataye cikin Ka'aba, gara ce ta cinye ta, ba ta bar kome ba sai sunan Allah. A cikin ƙissar sandar nan akwai siffar gara wadda magina da masassaƙa suka sani sarai: daga ciki take ci, ta bar baya tsaye lafiya lau, har ranar da abin zai rushe gaba ɗaya.

Masana ƙwari sun ƙidaya irin gara kamar 3,000 a duniya. Ko da yake zamanta ya yi kama da na tururuwa, ba danginta ba ce. Bincike ya tabbatar kyankyaso ne ɗan'uwanta na kusa. Cikin dukan irin nan, kaɗan ne masu taɓa gini ko amfanin gona. Waɗansu ciyawa suke ci, waɗansu ruɓaɓɓen ganye, waɗansu ma ƙasa kawai.

Gidan gara tamkar gari ne mai sarauta. Akwai uwa, wadda aikinta ƙwai kaɗai. Ta manyan surukan nan da ake gani a daji tsawonta kan kai na babban yatsan hannu na tsakiya ko ya fi, tana kuwa iya zuba ƙwai har wajen 30,000 a yini guda, ta shekara goma ko fiye tana haka. Akwai ma'aikata, su ne masu gini da ɗauko abinci da ruwa. Akwai dakaru masu manyan kawuna, su ne zago, masu cizo har jini ya fito. Sa'an nan akwai masu fukafukai, watau shinge ko gina, waɗanda kan fito tuli bayan ruwan farko na damina, yara su tara su a soya. Waɗanda suka tsira daga yara da tsuntsaye da kwaɗi sukan kaɗe fukafukansu, su tafi biyu biyu, mace da namiji, su shiga ƙasa su kafa sabon gida.

Ma'aikatan nan makafi ne, fatarsu kuwa taushi gare ta, rana da iska na busar da su nan da nan. Don haka ba su tafiya a sarari, sai cikin ƙasa, ko cikin wata 'yar hanya ta laka da sukan gina a jikin bango ko itace. Ruwan da suke kwaɓa lakar da shi, da rani daga can ƙarƙashin ƙasa suke hauro da shi. Wannan rauni nata shi ne makamin mai gida: kadan aka raba ta da ƙasa da laima, aka tilasta mata fitowa sarari inda ido zai gan ta, an ci rabin yaƙi.

Wani abin mamaki kuma, garar manyan suruka, wadda masana ke kira Macrotermes, manomiya ce. Itacen da ta ɗebo ba shi take ci kai tsaye ba. Takan tauna shi, ta gina wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma a cikin ɗakunan suri, ta shuka masa wani irin naman kaza wanda ba ya rayuwa sai a gidanta. Naman kazan nan shi ke narkar da taurin itacen, sa'an nan ta ci. Irin wannan gara mai noma a Afirka da Asiya kaɗai ake samunta.

Fasali na biyu: aikinta a daji

Kowace shekara daji na zubar da rassa da kututtura da ganye. Da babu mai kwashewa, da sun taru sun zama abincin gobara, albarkar da ke cikinsu kuwa ba ta koma ƙasa ba. A ƙasashe masu sanyi da yawan ruwa, funfuna da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke wannan aiki. Amma a ƙasar Zamfara, inda ruwa kan ɗauke wajen watan Oktoba, ba ya komowa sai Mayu ko Yuni, funfuna kan kwanta fiye da rabin shekara, gama ba ta aiki a busasshen itace. Gara kuwa ba ta hutu, zama takan ɗauki busasshen itacen ta kai shi cikin gidanta mai laima.

An auna wannan aiki a Nijeriya. Wani Bature masanin ƙwari, N. M. Collins, ya yi bincike a dajin Mokwa cikin Jihar Neja, ya buga abin da ya samu a 1981. Ya tarar cikin dukan itacen da ke faɗuwa a shekara, gara na kwashe kashi 60 cikin 100, watau kamar kilo 835 a kowace hekta. Ganye kuwa kashi 3 kaɗai take ɗauka. Wutar daji ita ce akasinta: tana cinye kashi 49 na ganyen, amma abin da take ci na itacen bai kai kashi 1 ba. Dajin Mokwa ya fi na Anka ruwa, amma irin garar nan mai noma tana ko'ina a dazuzzukan Arewa.

A 2022 kuma waɗansu masana da yawa, a ƙarƙashin jagorancin Amy Zanne, suka ajiye guntayen katako iri ɗaya a wurare 133 cikin nahiyoyi shida, don su ga yadda za su lalace. Suka tarar duk inda zafi ya ƙaru da digiri 10, ruɓewar da funfuna ke yi takan ninka kamar sau biyu, amma cin da gara ke yi kan ninka kusan sau bakwai. Ma'anar wannan ga mutumin ƙasa mai zafi a fili take: dirkar da za ta daɗe a Turai, a nan kwananta kaɗan ne.

Ladan da daji ke samu daga gara ba kaɗan ba ne. Ramukan da take haƙawa su ne ƙofofin da ruwan sama ke bi ya shiga ƙasa maimakon ya gudu ya yi zaizaya. Tana hauro da yumɓu daga ƙasa zuwa sama, ta gauraya shi da abin da ta ci. Don haka sau da yawa akan ga tsamiya ko kanya tsaye a kan tsohon suri, kewayensa kuwa ya fi sauran wuri duhun ciyawa. Masu kiwon zabi da ita suke renon 'yan tsaki, dabgi kuwa ita ce abincinsa.

Manoman da faƙo ya cinye wa gonaki sun mai da ita baranya. A ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, wani manomi Yacouba Sawadogo, wanda aka ba lambar girma ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023, ya yi suna da raya wata tsohuwar dabara: a haƙa 'yan ramuka a faƙo da rani, a zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara, garar ta huda ƙasar, in ruwa ya sauka ya sami hanya, a shuka gero ko itace a ramin. Hausawan Illela ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar sun ɗauki dabarar, suna ce mata tassa, sun kuwa komo da gonaki da yawa da aka fid da rai da su.

Fasali na uku: sharuɗɗan ruɓewa

Itace ba ya ruɓewa don tsufa kaɗai. Sai abu uku sun haɗu masa: laima, da iska, da zafi. Kadan ɗaya ya ɓace, funfuna ba ta da iko. Masana katako sun ce itacen da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. Haka kuma wanda ya nutse sarai cikin ruwa ko taɓo, inda iska ba ta kai gare shi, shi ma ba ya ruɓewa, gara kuma ba ta isa wurinsa.

Shaidar wannan tana Jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani itace a zurfin kamar mita 5. Da masana na Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, na itace dangin maɗaci. Awo ya nuna ya shekara wajen 8,000, ba a kuwa sami jirgin ruwan da ya girme shi a Afirka ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta rufe shi ita ta tsare shi.

To, wurin da laima da iska suka haɗu daidai shi ne fuskar ƙasa. Don haka duk dirkar da ta karye, in an duba, a wuyanta ta karye, watau daidai inda ta shiga ƙasa. Nan funfuna ke fara tausasa itacen, nan kuma gara ke shiga. Su biyun abokan aiki ne, ɗaya na share wa ɗaya hanya.

Fasali na huɗu: itatuwa ba ɗaya suke ba

Mutanen da sun rarrabe itatuwa tun kafin a zo da awo. Ƙirya ita ce sarauniya wajen tauri, da ita ake turmi da dirkar da za a gada, gawayinta kuma shi maƙera ke so. Madobiya da kawo da kanya da kaɗanya da bagaruwa duk suna jimrewa. Aduwa ƙwayarta a matse take, tana karɓar sassaƙa da wanki, shi ya sa ta zama itacen allo. Amma kuka da rimi da gurjiya da ararraɓi da gawo da maje, waɗannan amfaninsu na wani waje ne, ba na gini ba. In an kafa su a ƙasa, an yi wa gara walima.

A cikin itace guda ma akwai bambanci. In aka dubi bakin gungume inda aka sare, za a ga tsakiya mai duhu, ja ko baƙi-baƙi, da kewaye fari a bayan ɓawo. Tsakiyar nan ita ce zuciya, cike take da waɗansu sinadarai masu ɗaci da itacen ya tara, waɗanda ƙwari ba su so. Farin kewayen kuwa ta nan abincin itacen ke bi, yana da zaƙi a bakin ƙwari, ko na ƙirya ne gara na cinsa. Itace ƙarami kusan dukansa fari ne, sai ya manyanta zuciyarsa ke faɗi. Don haka sunan itace kaɗai bai isa ba, sai an tambayi shekarunsa.

Giginya ita ce ta saɓa wa wannan ƙa'ida, gama dangin dabino ce. Ita tsakiyarta ce mai taushi, ƙarfinta yana baya, inda baƙaƙen jijiyoyi suka cunkushe. Daga nan ake tsaga azara, magina kuwa sun fi son ta namijin giginya, wanda ba ya 'ya'ya. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa maginan Hausa suka ƙago baka da ɗaurin guga, suna jera azara bisa azara cikin laka har su rufe babban zaure. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da irin wannan baka aka ɗaga shi. Itacen da gara ke iya ci ba ya wannan aiki.

A nan akwai magana ga masu fataucin itace. Mai sayen azara ko dirka ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, gama wadda aka ci daga ciki amonta kamar na ganga yake. Ya dubi bakinta ya ga yawan zuciya da yawan fari. Ya dubi jikinta ko akwai 'yan huji da gari na zuba, alamar ƙwaro mai huda itace ke nan. Mai sayarwa kuma ya sani wanda ya shafe farin katako da baƙin mai ko jar ƙasa don ya yi kama da mai zuciya, ya ɓoye aibin haja, kuma rufin da zai faɗo, kan mutane zai faɗo.

Fasali na biyar: abin da ya sake

Dattawa kan ce garar yanzu ta fi ta da ɓarna. Garar dai ita ce ta jiya, itacen ne ya sake. Ƙirya da madobiya da giginya masu jinkirin girma ne, sai sun shekara da yawa kafin su isa sara, gatari kuwa ba ya jira. Masu gawayi sun fi son masu tauri, gama su ke ba da gawayi mai nauyi. Giginya ana sare babba don azara, ana kuma tone ƙarama don muruci, alhali kowane muruci giginya ce da ba ta tashi ba.

Madobiya kuwa kasuwar waje ce ta faɗa mata. Attajiran ƙasar Sin na son jan katakonta don kujeru da gadaje masu tsada, har aka yi ta lodinta daga Afirka ta Yamma, Nijeriya na cikin manyan masu fitarwa, musamman daga Taraba da Adamawa da Kogi. A taron ƙasashe na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da itatuwa, wanda aka yi a Johannesburg a 2016, aka sa ta cikin waɗanda ba a fitarwa sai da izini, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Abin da ya kai ga haka shi ne an ga sara ya fi tsiro yawa.

In manyan itatuwa masu zuciya suka ƙare, talaka ba ya fasa gini, sai ya gina da abin da ya samu: ɗanyen sanda, farin katako, ƙaramin itace. Abin da kakansa ya kafa sau ɗaya, shi sai ya riƙa sakewa bayan 'yan damuna, kowace sakewa kuwa sabon sara ne a daji. Haka ɓarnar ke ciyar da kanta.

A gona ma haka ne. Binciken da aka yi a Mokwa ya nuna in an share daji aka mai da shi gona, manyan suruka kan ragu, amma wata ƙaramar gara mai zama cikin ƙasa ba suri takan ƙaru, ita ce kuwa mai shiga saiwar gyaɗa da karan masara. Gonar da aka kwashe karanta ƙaf, aka ƙone sauran, ba a bar wa gara kome ba sai shukar da ke tsaye.

Akwai kuma wata ɓarnar da rashin zaman lafiya ya jawo. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Anka da Bukkuyum da maƙwabtansu, ƙauyuka da yawa sun watse, mutane sun koma manyan garuruwa. Gidan ƙasa kuwa da idon mai shi yake rayuwa. In ba mai kankare hanyar gara, ba mai gyara indararo, ba mai sabon yaɓe kafin damina, ruwa ya shiga ta sama, gara ta shiga ta ƙasa. Wanda Allah Ya nufa da komawa gidansa bayan daɗewa, kada ya kwana ƙarƙashin rufi sai ya bi azara ɗai ɗai da sanda ko tsinin wuƙa.

Fasali na shida: littattafai da haja

Takarda daga jijiyar tsiro ake yinta, don haka a bakin gara ita da itace ɗaya ne, har ta fi sauƙin tauna. Buhun algarara da kwali da tufafin auduga duk haka. Malami na iya rufe ɗakin karatunsa ya tafi ci-rani, ya komo ya tarar da littafin da kakansa ya rubuta da hannu ya zama ƙasa tsakanin bango biyu. Littafin ɗab'i ana sayen wani a kasuwa, na hannu kuwa wani lokaci shi kaɗai ne a duniya.

Magabata da suka sa littafi cikin gafaka suka rataye a turke, nesa da ƙasa, ba su yi don ado ba. Wanda ke da akwatin ƙarfe ya ɗora shi bisa duwatsu ko dakalin siminti, ya bar tazara tsakaninsa da bango, ya riƙa buɗewa yana kaɗewa, ba sai shekara ta kewayo ba. Wanda ke riƙe da tsofaffin rubuce-rubuce ya sa a ɗauki hotonsu da waya ko a kwafe, ya kuma san akwai gidajen da aka kafa don ajiyar irinsu, kamar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna. Ɗan kasuwa kuma kada ya jingina buhu da bango ko ya ajiye shi a daɓe. Ya yi masa shimfiɗa bisa duwatsu, yadda za a iya leƙa ƙarƙashi a share. Hikimar rumbu ke nan, da ake ɗora shi bisa duwatsu, gama kome ɓarnar gara ba ta cin dutse, in kuwa ta gina hanya a kansa, ido zai gani.

Fasali na bakwai: magani da guba

Akwai zamanin da aka ɗauka an gama da gara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka zo da magunguna irin su aldrin da dieldrin, ana zuba su a harsashin gini da gindin dashe, suna shekaru suna kisa. Daɗewar nan tasu ita ce aibinsu, gama ba su narkewa, sukan bi ƙasa da ruwa su taru a jikin dabba da mutum. A 2001 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Stockholm suka hana su, a 2009 kuma aka ƙara da lindane, watau sinadarin da ke cikin Gammalin 20, wanda mutanen Arewa suka sani da gamalin.

Mutanen Tungar Daji sun fi kowa sanin abin da guba ke yi in ta shiga ƙasar tsakar gida. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka da niƙa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Tungar Daji na cikin ƙauyukan da sai da aka kankare ƙasar gidajensu aka zubo sabuwa, tare da Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma. Gubar dalma dabam, ta maganin ƙwari dabam, amma hanyar ɗaya ce: yaro na rarrafe a ƙasa, hannunsa na zuwa baki. Saboda haka maganin da ba shi da suna da lambar hukumar NAFDAC a jikinsa, wanda ake aunawa a kwalba a bakin kasuwa, bai kamata ya shiga ɗakin kwana ko rumbu ko kusa da rijiya ba. Baƙin man mota da kafintoci ke shafa wa katakon rufi shi ma ba ya halatta ga turmi ko akushi ko wani abin da abinci ke taɓawa.

Dabarun da ba su da haɗari kuwa suna nan. A sari itace da rani, a ɓare ɓawonsa, a jingine shi a inuwa bisa duwatsu har ya bushe sarai. A babbake gindin dirka kafin a kafa, in da hali a ɗora ta bisa dutse. A tone tsofaffin kututtura daga filin da za a yi gini, gama su ne masaukin gara na farko. A kau da ruwan indararo da na wanka daga gindin bango. A riƙa zuba toka a ƙarƙashin rumbu ana sakewa. Duk hanyar laka da aka gani a bango a kankare ta ran nan, a kuma bi ta a ga inda ta fito. Surin da ke jikin gida a tone shi har a sami uwar, gama in ba a fid da ita ba, gyara za su yi. Amma surin da ke daji ko gefen gona, a bar shi da aikinsa.

Maganin da ya fi duka daɗewa shi ne na masu haƙuri. Manomin da ya ga ƙirya ko madobiya ko kanya ta tsiro a gonarsa ya bar ta, ya rage mata rassa, ya tsare ta daga wuta da awaki. Mai cin muruci ya bar waɗansu ƙwallaye a rami su tashi. Kafin waɗannan su isa, dogon yaro, wanda aka kawo daga ƙasar Hindu ya bazu a Arewa, yana da saurin girma, zuciyarsa kuma na jimre wa gara gwargwado, yana iya ɗauke wa daji nauyin sanda da dirka. Dirkar ƙirya da ke tsaye yau a tsofaffin gidajen Zamfara, waɗanda suka bar itacenta ya girma ba su ne suka kafa ta ba. Na bayansu suka yi wa tanadi. Abin da ya rage ga mutanen wannan zamani shi ne su bar wa jikokinsu abin da za su sara.